'Yar Sandan Ciki da Binciken da Ya Yi Kwantai: Daga Talabijin ɗin Turawa zuwa Damari



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya laccoci na wannan jami'a da ya ba ni damar tsayawa gabanku yau. Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa suka ce, yau kuma me ya haɗa kifi da kaska? Me ya kai malamin Hausa ga wasannin 'yan sanda na Turawa, sa'an nan me ya haɗa waɗannan wasanni da Damari, garin manoma da ke gabashin ƙasar Birnin Gwari? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce laccar baki ɗaya.

Abin da nake so in tabbatar a wannan zama abu ɗaya ne. Akwai wani nau'in wasan kwaikwayo na talabijin wanda ginshiƙinsa shi ne mace 'yar sandan ciki da ke tono wani kisa ko wata ɓata da aka daɗe da mantawa. Ƙarfin irin wannan wasa yana wurin sauraron waɗanda mamaci ya bari, fiye da wurin kama mai laifi. A ƙasar Hausa kuwa irin wannan labari a cikin gida yake ajiye, a bakin mata, inda namiji baƙo ba ya shiga. Saboda haka, in akwai jama'ar da wannan wasa ya dace da ita, to mu ne, musamman mutanen ƙasar da ta sha jini irin ta Birnin Gwari.

Ma'anar kwantan bincike

Turawa suna ce wa irin wannan magana binciken da ya yi sanyi. Ni kuwa na fi son in ara daga bakin 'yan talla. Idan yarinya ta fita da tallan ƙosai ko fura ta dawo ba ta sayar ba, sai a ce kaya sun yi kwantai. Kayan suna nan, ba a zubar ba, amma kasuwarsu ta tashi. Haka binciken da nake nufi yake. An kashe mutum, ko ya ɓace, an kai rahoto, an buɗe fayil, an yi 'yan tambayoyi, sa'an nan sawu ya ɓace. Ba a rufe maganar ba, ba a kuwa warware ta ba. Jami'in da ke riƙe da ita aka yi masa canjin wurin aiki, shaidu suka watse, takardu suka kwanta a kabad gara tana ci.

A shari'ar Ingila, da ta Amurka, da tamu, laifin kisan kai ba ya ruɓewa saboda daɗewa. Amma abin da ya sa Turawa suka soma waiwayar tsofaffin fayiloli da gaske shi ne wani ilmi da ya samu a 1984, lokacin da Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya gano yadda za a bambance mutum da mutum ta ƙwayar halittar da ke cikin jini ko yawu ko gashi. Da wannan hanya aka wanke wani saurayi da ake tuhuma da kashe 'yan mata biyu a wannan yanki, aka kuma kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, aka ɗaure shi a 1988. A Amurka ma, a 2018, an kama Joseph DeAngelo a kan kashe-kashen da ya yi a Kalifoniya tun shekarun 1970 da 1980. Watau tsohuwar riga da aka ajiye shekara talatin a ɗakin ajiyar 'yan sanda ta zama mai ba da shaida. Daga nan marubuta wasanni suka ga sabuwar gona, suka shiga noma.

Yadda wasan ya taso da yadda aka gina shi

Mace ba ta samu shugabancin wasan 'yan sanda da sauƙi ba. A Amurka an yi Police Woman daga 1974, sa'an nan Cagney & Lacey daga 1982. A Ingila, wasan da ya buɗe ƙofa sosai shi ne Prime Suspect na 1991, wanda Lynda La Plante ta rubuta, Helen Mirren ta fito a matsayin Jane Tennison, babbar jami'ar da take yaƙi biyu a lokaci guda, ɗaya da mai kisa, ɗaya da mazan ofishinta da ba su yarda mace ta shugabance su ba.

Haɗuwar mace da kwantan bincike kuwa ta bayyana sarai a 2003. A wannan shekara gidan CBS na Amurka ya fara Cold Case, inda Kathryn Morris ta fito a matsayin Lilly Rush ta 'yan sandan Filadalfiya, aka yi ta nuna shi har 2010. A shekarar dai BBC ta fara New Tricks, inda wata jami'a take jagorantar tsofaffin 'yan sanda da suka yi ritaya suna tono fayilolin da suka gagara. A 2015 gidan ITV ya kawo Unforgotten, wanda Chris Lang ya rubuta, Nicola Walker ta fito a matsayin Cassie Stuart. Bayansa aka yi Karen Pirie a 2022, daga littattafan Val McDermid, sa'an nan Ballard a Amurka a 2025.

In mutum ya lura da kyau, zai ga gini ɗaya ne ake maimaitawa. Da farko wani abu ya fito daga ƙasa: ƙasusuwa a gindin tsohon gini, ko wasiƙa, ko wani tsoho da ciwon ajali ya kama ya ce yana da magana. Na biyu, a nemo sunan mamacin, domin kafin a tambayi wa ya kashe, sai an san wa aka kashe. Na uku, a bi mutanen da suka san shi, waɗanda yanzu sun tsufa, sun yi iyali, wasu sun zama manya a gari, kowa yana da abin da yake ɓoyewa. Na huɗu, a kai wa iyalin mamacin labari.

Alal misali, a kashi na farko na Unforgotten, an tsinci ƙasusuwan wani saurayi da ya ɓace tun 1976, shekara 39 ke nan. Mahaifiyarsa tana raye a Libaful, ta tsufa tana jira. Wurin da ya fi kama zuciya a wasan shi ne inda jami'ar ta zauna gaban wannan tsohuwa ta gaya mata an ga ɗanta. A Cold Case kuwa, kowane kashi yakan ƙare ne da mayar da akwatin fayil ɗakin ajiya an rubuta masa cewa an rufe, sai jami'ar ta hango mamacin kamar yana tsaye yana dubanta, sa'an nan ya gushe. Wannan duka hanya ce ta faɗin abin da Bahaushe ya daɗe da faɗi, cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Me ya sa mace?

Wani zai ce ai neman kasuwa ne kawai, tun da mata suna cikin manyan masu kallon talabijin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai ƙare zancen ba. A sabon kisa, ana bukatar gudu, da mota, da bindiga, da fasa ƙofa. A kwantan bincike babu wanda za a bi da gudu. Mai laifin yana zaune a gidansa shekara talatin, wataƙila ma yana jan jikoki. Makamin mai bincike a nan shi ne haƙuri, da iya zama, da iya yin shiru har mai magana ya gaji da nasa shirun. Marubutan Turawa sun ga cewa masu kallo sun fi yarda tsohuwa za ta buɗe cikinta ga mace. Bugu da ƙari, yawancin waɗanda bincikensu ya yi kwantai marasa galihu ne: 'yan mata, da baƙi, da talakawa. Jami'ar da ita kanta ta san zafin a raina mutum a ofis, ita ta fi dacewa ta ɗauko fayil ɗin wanda aka raina.

To, jama'a, abin da yake dabarar marubuci a Ingila, a wurinmu tsarin gida ne. Ku dubi gidan Bahaushe. Akwai zaure, inda maigida yake karɓar baƙi maza. Daga nan sai shigifa, sa'an nan cikin gida. A ƙofar gidaje da yawa an rubuta ba a shiga. Ɗan sanda namiji, komai girman muƙaminsa, iyakarsa zaure, kuma abin da zai ji a zaure shi ne abin da maza suka yarda a faɗa. Amma wa ya ga rigar da mamaci ya fita da ita ran da bai dawo ba? Wa ya san wanda ya yi sallama da shi da daddare? Wa ya ji abin da yara suka gani ta katanga? Wa ya yi takaba wata huɗu da kwana goma, tana juya abin a zuci dare da rana? Duk wannan ilmi yana bayan shigifa.

Har wa yau akwai wata al'ada da za ta ba marubucin Hausa abin da Bature ba shi da shi, watau alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ku auna mai shaidar da ta fi kowa sanin mamaci, amma kunya ta hana ta kama sunansa, sai dai ta ce malam, ko maigidan, ko yaron nan. Ku auna uwar da al'ada ta hana ta nuna ƙaunar ɗan farinta a gaban mutane, ga shi kuma shi aka ɗauke. Mace irinta ce kaɗai za ta gane abin da ake nufi da wannan kawaici, ta san inda za ta tsaya da tambaya.

Abin da muke da shi a gida

Kada a zaci macen da ke bin sawun wanda ya ɓace baƙuwa ce a adabinmu. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, labarin satar yaro ne. Mahaifiyar Umar, mutuniyar Fatika, da ta tabbata ɗanta ya ɓace, sai ta bar gida ta shiga tambaya, ta isa Kano, ta bi ayari ta ƙetare Sahara, aka yaudare ta aka bautar da ita, har ta kai Tarabulus, ba ta fasa ba sai da ta sa shi a ido, sa'an nan ta cika. Ba ta da kaki, ba ta da ofis, amma aikin da ta yi shi ne aikin Cassie Stuart. An mai da littafin fim a 1976, Adamu Halilu ya ba da umarni. Fatika kuwa tana ƙasar Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari ta gabas.

A Giwa ɗin nan dai, tsakanin 1949 da 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954. Mijinta, M. G. Smith, yana nazarin sarautar Zazzau a wurin maza, ita kuwa ta shiga inda shi ba zai iya shiga ba. A cikin abin da Baba ta faɗa akwai labarin mahara da suka faɗa wa ƙauyukansu kafin zuwan Turawa, da 'yan gidansu da aka kama, da yadda dangi suka yi ta bin sawu suna tara wuri don fansa. Fiye da shekara hamsin bayan abin ya faru, tsohuwar tana riƙe da sunaye da dangantaka. Wannan hujja ce cewa ajiyar mata ba ta ruɓewa, in an sami mai saurare.

Talabijin ya zo Kaduna a 1962. Tun daga lokacin mun ga soja a Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, mun ga zauren alƙali a Kuliya Manta Sabo a Kano. Bayan an buɗe Arewa24 a 2014, Daɗin Kowa ya taɓo rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu, Kwana Casa'in kuma ya shiga siyasa da aikin jarida. A kudu, fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan, na 2014, ya nuna marigayi Sadiq Daba a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa da aka tura ƙasar Yarabawa binciken kisan mata a jajibirin samun mulkin kai. A 2022 an yi Crime and Justice Lagos, inda Folu Storms ta fito a matsayin jami'ar bincike. Ke nan kayan haɗin duk suna hannu: masu wasa, da masu kallo, da gidajen nunawa. Mata kuwa suna cikin aikin ɗan sandan Nijeriya tun 1955.

Kwantan bincike ma ba mu rasa shi ba, sai dai a ce ya yi mana yawa. An kashe Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin wasiƙa ran 19 ga Oktoba 1986. An kashe Bola Ige, yana Ministan Shari'a, a gidansa na Ibadan ran 23 ga Disamba 2001. An harbe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Ɗorayi, Kano, ran 13 ga Afrilu 2007. An ɗauke Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a kamarmu, daga gidansa a Kaduna a farkon Agusta 2019. Waɗannan sanannu ne, jaridu suna tuna su duk shekara. To ina ga wanda ba shi da suna a jarida?

Damari

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar noma ce, da kiwo, da zinariya, da daji. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya wuce murabba'in kilomita 1,000, kuma yana haɗe da dazuzzukan Zamfara da Katsina da Neja. Wannan daji da ya kamata ya zama arziki shi ya zama maɓoya. A Oktoba 2012 an faɗa wa masallata da asuba a Dogon Dawa, aka kashe fiye da mutum 20. A Mayu 2018 an kashe fiye da 40 a Gwaska. A ƙarshen 2021 gwamnati ta katse layukan waya a yankin na wani lokaci, don toshe hanyar masu kai wa 'yan bindiga labari. A 2022 Damari ta sami kanta tsakanin 'yan bindiga da 'yan ƙungiyar Ansaru, har jama'a da yawa suka bar garin da gonakinsu a tsakiyar damina. A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makami, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe.

Duk wanda ya san abin da mutanen nan suka gani ba zai raina sulhu ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma sulhu yana buɗe hanya da kasuwa ne, ba ya amsa tambayar da ke cikin ɗaki. Lissafin jarida yakan ce mutum kaza aka kashe. Kowane ɗaya daga cikin kazan nan yana da uwa, ko mata, ko 'ya. Ga kuma waɗanda ba su cikin lissafin matattu, ba su cikin na rayayyu: an kama su a gona ko a hanya, aka shiga daji da su, wani ma an biya kuɗin fansarsa, shiru. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce mutum kusan 22,000 aka kai mata rahoton ɓatarsu a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinta, yawancinsu kuwa daga rikicin arewa maso gabas. Wannan ya nuna girman abin da ɓata take bari a baya.

A nan ne maganar ta shafi shari'a kai tsaye. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, in ba a sami labarinsa ba a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. Malamai sun rarrabe tsakanin wanda ya ɓace haka kawai, da wanda aka kama, da wanda ya ɓace a fagen faɗa, kowanne da hukuncinsa. Abin lura shi ne, kowane hukunci yana rataye ne a kan sanin abin da ya faru. Matar da ba a san makomar mijinta ba, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. 'Ya'yanta ba a kira su marayu ba, balle a ba su gado. Gonar tana nan, 'yan'uwan miji suna dubanta. Bincike a wurin wannan baiwar Allah abinci ne, da matsuguni, da 'yancin sake aure.

Yadda namu wasan zai kasance

In marubucinmu zai ɗauki wannan nau'i, kada ya kwafo shi ɗungurungum. Wasan Bature ya dogara ga ɗakin gwaje-gwaje. Mu kuwa muna binne mamaci a ranar da ya rasu, ba mu cika rubuta suna a kabari ba, ba mu kuma son a tone shi. Cibiyar gwajin ƙwayar halitta da Jihar Legas ta buɗe a 2017 ma an ƙone ta a tarzomar Oktoba 2020. Saboda haka 'yar sandanmu da kunne za ta yi aiki. Shaidunta su ne ungozoma, da mai kitso, da dillaliya mai shiga gida gida, da mai wankan gawa, da direban da ya kai kuɗin fansa, da lambar wayar da aka yi ciniki da ita, da littafin bashin mai shago. Za ta shiga gida da sallama, ta zauna a tabarma, ta yi gaisuwa, ta sha ruwa, wataƙila sai zuwa na uku za a gaya mata abin da ta zo nema.

Musulunci kuma bai bar mu hannu sake ba a wannan fage. Ƙissar saniyar Banu Isra'ila a cikin Suratul Baƙara labarin kisa ne da aka rasa mai shi har Allah ya tona. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da yagewar riga aka gane mai gaskiya. Fiƙihunmu yana da babin ƙasama, rantsuwa hamsin da dangin mamaci suke yi idan akwai alama mai ƙarfi amma shaida ba ta cika ba. Kuma haƙƙin jini na magada ne: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Wannan ya ba wasanmu ƙarshen da na Turawa ba shi da shi. Nasu yakan ƙare da ankwa. Namu yana iya ƙarewa da tsohuwa ta ji gaskiya daga bakin wanda ya aikata, sa'an nan ita da 'ya'yanta su zaɓa. Yafiya tana da daraja ne idan mai yafewa ya san abin da ya yafe, da wanda ya yafe wa.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, domin yawan tone-tone kan sa kaza ta tono wuƙar yanka ta. Wannan tsoro ne na masu hankali, dole a ba shi haƙƙinsa. Wasan da ya kama sunan gari na gaskiya da mutanen gaskiya yana iya jawo ramuwa. Wasan da ya ɗora laifi a kan ƙabila guda zai ƙara wa wuta makamashi, alhali kuwa uwar da 'yan bindiga suka kashe wa ɗa a gari, da uwar da 'yan sa-kai suka kashe wa ɗa a ruga, hawayensu iri ɗaya ne, kuma 'yar sandan kirki dole ta shiga bukkar Bafulatana kamar yadda ta shiga ɗakin Bahaushiya. Maganin wannan shi ne abin da Daɗin Kowa ya riga ya yi, watau ƙagaggen gari da ƙagaggun mutane. A Ruwanda, shekara goma bayan kisan ƙare dangi na 1994, an fara wani wasan rediyo mai suna Musekeweya a kan ƙauyuka biyu na ƙage masu gaba da juna, jama'a suka rungume shi, ya zama hanyar tattauna abin da baki ya kasa faɗa kai tsaye.

Wasu kuma za su ce mace ba ta shaida a kan jini, yaya za a ba ta wannan matsayi? Amsa ita ce bincike daban, shaida daban, hukunci daban. Mai bincike tana tattaro zare ne ta miƙa wa masu saƙa. Alƙali yana nan a kujerarsa.

Kammalawa

Jama'a, wasan kwaikwayo ba ya kama ɓarawo, ba ya ta da matacce. Abin da yake iyawa shi ne ya koya wa jama'a irin tambayar da ya kamata su yi, ya kuma nuna wa yarinyar da ke kallo cewa aikin bincike aikinta ne. Don haka ina kira ga marubutanmu da masu shirya fim na Kano da Kaduna su dubi wannan fage. Ina kira ga hukumar 'yan sanda ta ƙara ɗaukar mata masu jin Hausa da Fulatanci, ta horar da su a sashen bincike. Ina kuma kira ga sassan Hausa, da Tarihi, da Shari'a na jami'o'inmu su tura ɗalibansu mata, da izinin masu gari da kiyaye sirrin masu magana, su rubuta abin da matan Damari da Dogon Dawa da Gwaska suka riƙe, tun masu riƙon suna raye. Baba ta Karo ta rasu a 1951, shekara guda bayan an gama ɗaukar maganarta. Da an yi jinkiri kaɗan, da duk abin da ta sani ya bi ta kabari.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya bayyana waɗanda suka ɓace, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.